Saratu da Jadawalin Kamfanin Roba

Saratu Obadiya 'yar Kagoro ce, amma a Hotoro ta yi wayo, gidan yayan mahaifinta. Shekara tara ta yi tana rubuta sunayen ma'aikata a ƙofar wani kamfanin roba da ke Sharada, inda ake buga bokitai da butoci. Ita ke manna jadawalin aiki a allo duk mako. Abin da ke ci mata rai shi ne ta ga mutum ya taso tun daga Dorayi, wani ma daga ƙauye, ya tarar an canza masa lokaci, ya juya gida.

Kamfanin yana da shafin intanet, amma ba komai a ciki sai hotunan kaya da lambar waya. Ita kuwa ta daɗe tana koyon haɗa manhaja ran Lahadi bayan an tashi coci. Wata rana ta tari manaja, Alhaji Abdulbaƙi.

"Ranka ya daɗe, in kun yarda zan mai da shafin nan manhaja, kowa ya shiga da lambarsa ya ga lokacin aikinsa daga gida."

"Ke da kanki?"

"Da kaina."

Ya ce ta gwada.

Wata huɗu ta ɗauka. Ranar da ta ɗora manhajar a intanet, komai ya tafi daidai a kwamfutar ofis, har ana tafa mata. Sai Malam Gwadabe, dattijo mutumin Ringim mai kula da injin niƙa roba, ya miƙo wayarsa. Aka buɗe manhajar a ciki, fari fat, ba abin da ya fito. Haka ta na kusa da shi, haka ta na bayansa. Saratu ta gane laifinta: ta cika aikin da hotuna da kwalliya, ƙananan wayoyi sun kasa ɗauka. Ta rasa inda za ta sa fuskarta.

"Kada ki damu, 'yata," in ji Malam Gwadabe. "Riƙe wayar ki riƙa gwaji da ita. Ni ba mai kirana sai uwargida, ita kuwa ta san inda nake."

Kwana uku wayar tana hannunta. Ta cire hotunan, ta ƙara girman rubutu, ta mai da komai Hausa, ta sake ɗorawa. Wannan karon manhajar ta buɗe nan take a wayarsa, ga sunansa, ga aikin safe. Ya bi sashe sashe yana nuna wa mutane kamar shi ya haɗa.

Da Saratu ta je gida hutun Kirsimeti, citta ta ɗauro da kwalbar zuma, da ta dawo ta kai har gidan Malam Gwadabe. Matarsa Sauda ta shimfiɗa mata tabarma, ta ce ba inda za ta sai ta ci tuwo.