Hoton Mama a Tsaye

A ofishin ruwa, inda ya yi shekara talatin da ɗaya yana gyaran famfunan burtsatse, Matsa-Kaɗan ake kiransa. Ko a takardar rabon aiki da ake liƙawa a bango ran Litinin, haka ake rubuta shi. Kyamara ce ta jawo masa sunan. Ya saye ta a hannun wani mai gyaran agogo a shekararsa ta biyu da kama aiki, tsohuwa mai cin fim, da jakarta ta fata wadda maɗaurinta ya tsinke aka ɗinke da zaren takalmi. Tun daga lokacin, duk inda motar ofis ta nufa, jakar tana tsakanin ƙafafunsa kusa da akwatin kayan gyara.

Aikin na yawo ne, sau uku a mako, wani lokaci har a kwana. Ana cikin tafiya sai ya bubbuga gaban motar da tafin hannu, direba ya taka birki yana tsaki.

"Me kuma ka hango?"

"Dutsen can."

"Jiya ma yana nan, mutumina. Gobe ma ba inda za shi."

"Dutsen yana nan. Hasken ne ba ya jira."

Sai ya sauka ya kai kyamara ido. In akwai mutum a gabansa, manomi ne, makiyayi ne, ko shi direban da ya sauko miƙe ƙafa, magana ɗaya ce: "Don Allah ɗan matsa kaɗan." In wanda ba ya matsuwa ne, sai ya jira. Direban ya taɓa duba agogo ya ce minti hamsin suka yi a bakin wata gada, suna jiran wani ya gama ɗora wa jakinsa itace ya fita daga gaban rafi.

Yana da dalilansa, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi a mota ya haddace su. Ya ce mutum da ya ga kyamara sai ya gyara hula, ya shanye tumbi, ya aro fuskar da ba tasa ba. Itace da ruwa kuwa yadda ka same su haka za su tsaya maka. Ya ce tufafi ne suke tsufar da hoto. Ya ce rana tsaka maƙiyiyar mai hoto ce, tana daddanne komai ya zama faifai, amma hantsin da ya biyo bayan ruwan sama, ko icce busasshe ka ɗauka a cikinsa sai an tambaye ka ina ne nan. A bayan kowane hoto yakan rubuta wurin, da kwanan wata, da ƙarfe nawa ne, da wanda suke tare. Ya jera su a gwangwanayen biskit guda tara a saman kabad.

Matarsa mai ɗinki ce a cikin gida, doguwar mace mai saurin tafiya. In suka fito tare shi ne yake sassarfa a bayanta. In ya dawo daga wajen mai wanke hoto da ambulan a hannu, takan ce, ba tare da ta ɗaga kai daga keke ba, "Malam, yau kuma wane dutse aka kawo mana? Gidan nan fa duwatsu sun fi mutane yawa." Shekarar da ya yi ritaya ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta. Ya rataye kyamarar a ƙusa bayan ƙofa, ya koyi ɗaga mutum daga gado zuwa kujera ba tare da ya ji masa ciwo ba. Shekara takwas ta yi a kujerar nan kafin Allah ya karɓi abinsa.

Wata biyu da rasuwar, 'yarsu ta ƙarshe, wadda kowa yake kira Auta, ta zo daga garin da take aure don ta taya shi kintsa kayan ɗakin. Ran Litinin ta iso, ran Lahadi za ta koma. Suna zaune a ɗakin ɗinkin ta buɗe wayarta ta miƙa masa. Hotunan mahaifiyarta ne fiye da ɗari, kuma a kowanne tana kan kujerar, baki ya karkace, bargo a gwiwa.

"Baba, yarana haka suka san ta. In na ce musu ita ce take riga kowa isa bakin titi, sai su ɗauka wasa nake yi. Ni kaina na fara mantawa. Ka ba ni hoton Mama a tsaye, ko guda ɗaya ne."

Hoton aurensu guda ɗaya ne, kuma ruwan da ya taɓa zuba ta rufin ɗaki ya cinye shi tun Auta tana goye. Na katin shaida kai ne kawai. Amma bai damu ba.

"Akwai mana," in ji shi. "Mutumin da ya yi shekara talatin da kyamara a wuya? Sauko mini da gwangwanayen."

Da gaske ya yi imani akwai. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda haske ya fi, ya sa tabarau, ya fara daga gwangwani na ɗaya. Gwangwani biyu yake gamawa a yini. Ya wuce duwatsu a damina da duwatsu a rani, koguna cike da koguna ƙafe, wata doguwar bishiya da ya ɗauka sau goma sha huɗu cikin shekara ashirin har aka sare ta. Ran Juma'a da hantsi ya rufe na tara. Hoto dubu huɗu da ɗari biyu da goma sha shida, babu mutum ko ɗaya a ciki.

Sai dai ya ware guda sittin da uku a gefe, waɗanda a bayansu ya rubuta "tare da mai ɗakina". Auta ta ɗauki na sama. Bakin wani tafki ne da tsuntsaye farare. Ta juya bayan ta karanta, ta sake juyo gaban.

"To ina take?"

"Tana nan, wajen hannun hagu." Ya nuna tabarma, kamar taƙi ɗaya daga gefen hoton. "Tana riƙe mini da jaka."

"A wannan fa?"

"Nan tana bayana. Na tuna ranar, har ta..."

"Wato Mama mai riƙon jaka ce." Ta ajiye hoton a hankali, ta daidaita shi da sauran. "Sau sittin da uku, Baba. Ko da kuskure."

Ta shiga kicin. Ya zauna da kalmar ƙarshen nan, don kuskure kam ya sha yi. Yadda yake aiki shi ne, in an wanke fim ba ya yarda a buga duka talatin da shidan. Yakan tsaya a ƙofar shagon ya ɗaga fim ɗin sama ya duba, duk wanda ya ɓaci ya ɗan tsaga gefensa da almakashi, alamar kada a buga. Fina-finan suna nan a wata tsohuwar jakar makaranta a ƙarƙashin gado, don shi ba ya yar da abu. Da la'asar ya ƙirga masu tsaga, ya samu ɗari da arba'in. Yawancinsu hannu ne ya girgiza, ko haske ya shiga. Goma sha ɗaya suna da wani ɗan tsayayyen abu mai kama da mutum, amma a fim baƙi fari yake komawa, fari ya koma baƙi, kuma idonsa ba na da ba ne.

Ran Asabar da safe suka tafi wajen mai wanke hoto. Shagon yana nan inda yake, sai dai yanzu hoton fasfo da kwafin takardu ake yi, ɗakin duhun da ake wanke fim a da kuma an cika shi da kwalaye.

"Matsa-Kaɗan! Ashe kana da rai? Na ɗauka wani dutsen ya faɗo maka."

"Kai ma ga ka nan, gashin duk ya gudu ya bar ka."

Suka gaisa, mai shagon ya yi musu ta'aziyya, sannan ya karɓi ambulan ɗin ya leƙa.

"Ikon Allah. Waɗannan ai su ne ka ce in na kuskura na buga su mun ɓata."

"Yau na ce ka buga."

Akwai wata na'ura a shagon da take ɗauko hoto daga fim ta nuna a kwamfuta. Sai da aka share mata ƙura. Na farko ya fito: direba ne, ya juya baya yana miƙa. Na biyu ma shi ne, na uku ma haka.

"Wannan bawan Allah ya fi kowa hoto a wurinka, kuma na tabbata bai sani ba," in ji mai shagon.

Bakwai na direba ne. Biyu makiyaya ne da suka ratso. Ɗaya ba mutum ba ne ma, kututture ne. Auta tana tsaye a bayansu.

Na goma sha ɗaya kogi ne mai faɗi, da wani dogon dutse can a ƙetare, hadari yana taruwa a kansa. A gaba, kusan tsakiya, mace ce doguwa a tsaye, takalmanta a hannu ɗaya, ɗaya hannun a ƙugu.

Ya tuna ranar. Suna hanyar zuwa duba yayanta ne motar haya ta lalace, fasinjoji suka sauka. Ta cire takalmi ta shiga ruwan zuwa idon sawu. Ya ce ta matsa kaɗan, ta ce ta gaji da matsawa, in yana son dutsensa ya zagaya. Hadarin yana gab da rufe rana, sai ya danna a haka cikin fushi, bai yi mata magana ba har suka isa.

"Matso da fuskar," in ji Auta.

Mai shagon ya matso da ita. Fuskar ta watse ta zama dishi-dishi, ba ido ba hanci. Dutsen da yake can nesa kuwa har tsagoginsa ana iya ƙirgawa.

"A kan dutsen ka saita," in ji mai shagon.

"A kan dutsen na saita."

"Ba yadda za a yi a gyara, Kawu?" Auta ta tambaya.

"'Yata, abin da bai shiga fim ba, ni ban isa in sa shi ba. Akwai masu sa kwamfuta ta zana fuska, amma fuskar wata za su ba ki."

"A'a. Mayar da shi yadda yake."

Ya mayar. Daga nesa komai ya koma wurinsa: tsawon, da ɗaurin ɗankwalin, da yadda ta karkata kai gefe guda. Auta ta daɗe tana kallo.

"Faɗa take yi maka a nan, ko?"

"Faɗa take yi mini."

"Na gani a hannun. Haka take riƙe ƙugu in mun fasa mata abu." Ta goge ido da gefen mayafi. "A buga mini babba."

"In ya yi girma da yawa zai ƙara watsewa," in ji mai shagon. "Matsakaici zai fi. In yanke dutsen ne a bar ta ita kaɗai?"

Auta ta dubi mahaifinta. Shi kuwa yana ta juya almakashin shagon a hannu.

"Bar shi," ta ce. "A nan ta tsaya."

Aka buga huɗu, uku na Auta da yayyenta biyu, ɗaya nasa. Ran Lahadi ya raka ta tasha, ta ƙi sa ambulan ɗin a akwati, ta riƙe shi a cinya. Kwana biyu bayan nan ta kira shi ta ce yaran sun gani, babbar cikinsu ta ce ashe Kaka ta fi shi tsawo. Ya ce ta gaya mata da yatsa uku ne kawai, kuma shi ranar a gangare yake tsaye.