Baba Sili Ya Tafi da Ralantin Motata

Baba Sili ya cuce ni, kuma ba zan ɓoye ba don ya mutu. Shekara goma sha ɗaya yana gyara mini ralantin motata, bai taɓa gaya mini abin da yake yi mata ba, har aka kai shi makwancinsa da asirin a cikinsa. Yau wata huɗu ke nan tsohuwar motata kat-kat tana ƙofar gida, awaki na shan inuwa ƙarƙashinta. Masu garka na Timia da nake ɗauko wa lemu da rumman zuwa kasuwar Agadas sun fara ba wani shofer kayansu. Ku da kuka saba zama garajinsa kuna ta cewa Allah sarki, mutumin kirki. To, ku saurari tawa.

Ciwon motar guda ne tun fil azal. Bisa hanya tana gudu lafiya lau, amma da ka ɗaga ƙafa daga akselerater sai moter ya yi tari biyu ya mutu. Shi ne ake cewa ba ta riƙe ralanti. A bariyar shiga gari sai in tsaya ina ta banka mata wuta, jandarma na hararata kamar ya ga mai shirin gudu.

Kun san halin tsohon. Ba ya taɓa mota sai ya dafa shayi, kuma finjalin farko ba nasa ba ne, ba na baƙo ba ne, na mota ne. Sai ya aza shi bisa kapo, wato murfin moter, ya ce a tada, ya duƙa ya zuba wa kumfar ido kamar mai duba. In ta karkata gefe guda ya ce buji ne. In ta yi tsalle ya ce moter na shan iska ta inda bai kamata ba. Ni dai duk kumfa ɗaya nake gani.

Ran da na fara kai masa ita, ya kalli kumfar nan, ya kalli hannuwana, ya daɗe yana kallon hannuwana, sannan ya ce, "Hamidu, sukari ya ƙare. Je ka sayo."

Na ce, "Baba, ga mai tebur nan ƙofar garaji."

"Na wancan ba ya narkewa. Na bayan babban masallaci nake so."

Na taka da ƙafa cikin rana, na je na dawo jiƙe da gumi. Tun daga nesa na ji motar tana wani irin gurnani a hankali, kamar kyanwar da ta ƙoshi. Baba na zaune bisa tabarma, hannunsa ko baƙin mai babu. Kuma wallahi da idona na ga gwangwanin sukarinsa cike fal!

Na ce, "Me ka yi mata?"

Ya ce, "Na tambaye ta mutanen gida."

Haka muka yi ta yi. Duk wata biyu ko uku ciwon ya dawo, ni kuma a aike ni. Yau sukari, gobe gawayi, jibi ganyen na'ana'a wajen wata tsohuwa can ƙarshen gari. Ni da furfura a gemu! Rannan na ce ya isa. Ya aike ni sayen gawayi, na fita kamar na tafi, na zagayo ta baya na laɓe cikin gawar wata kamiyo, babbar motar kaya, da ke gefen garajin, ina leƙe ta ramin ƙofa. Baba ya zuba shayi na biyu. Ya sha. Ya zuba na uku. Ya yanke farce. Ya yi alwala, ya yi azahar, ya ja tasbaha har na ce ko ta mutanen unguwa duka ya haɗa. Ƙarfen kamiyon nan ya gasa ni kamar nama bisa tukuba. Can sai na ji ya ɗaga murya, bai ko waiwayo ba.

"Hamidu! In ka gama dahuwa, gawayin nan dai ina jiransa."

Mutanen garaji suka kwashe da dariya. Wasunku na nan, ban manta ba.

Sai na sake dabara. Na ɗauki jan farcen matata, na bi duk wata ƙusa da ke jikin karburater da kewayensa, na ɗiga mata alama. Na ce duk wadda aka murɗa, alamarta za ta goce, in gane. Baba ya buɗe kapo, ya ga moter ja-ja-ja. Sannan ya ce, "Ikon Allah. Yaushe aka ɗaura mata aure ba ka gayyace mu ba?"

Ya aike ni sayen dabinon Fachi, wai na yi wa amarya barka. Da na dawo, ralanti ya zauna daram, moter kuma an goge shi tas da esansi, wato fetur, ko ɗigon ja guda babu. Na ce, "Haba Baba, wannan ai mugunta ce!" Ya ce abin da ya saba cewa: "Mota ba ta ƙarya, mai ita ke yi." Har yau ban san ƙaryar da na yi ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, mota ita ma ta kwanta. Na kai ta wajen masu gyara uku. Na farko ya canza buji duka, ta yi tari uku maimakon biyu. Na biyu ya kwance karburater ya wanke, ya mayar, ƙusa guda ta rage masa a hannu, ya ce dama ƙari ne. Na uku ya zo da ordinater, wato kwamfuta, cikin jaka, ya yi ta laluben inda zai jona waya, daga bisani ya ce motata ta girmi na'urarsa. Sai na wanke ƙafa na tafi gidan Baba.

Na iske shi kwance cikin rumfa, ya rame har rawaninsa ya yi masa yawa. Na gaishe shi da jiki, na zauna, na kasa haƙuri.

"Baba, don girman Allah. Lemun Timia ya nuna. Gaya mini abin da kake gyarawa."

Ya buɗe ido guda. "Ban taɓa gyara motarka ba, ɗana."

"To wa ke gyara ta? Aljanu?"

"Lafiyarta lau tun ran farko. Kai ne duk Juma'a da safe kake buɗe kapo, ka ɗauki turnabis na murɗa ƙusa, kana bin komi kana ɗaurewa, wai kana kula da ita. In za ka hau dutsen Timia kuma ka ce bari ka ƙara mata numfashi. Ni abin da ka taɓa nake mayarwa inda yake. Murɗi guda ne."

Kaina ya ɗaure. Gaskiya ne ina yin haka, amma ai abu ashirin nake taɓawa, ko fiye.

"Wanne daga ciki?"

"In na gaya maka za ka sake taɓa shi."

"Baba, in ban san shi ba ai zan taɓa shi ban sani ba!"

"To kada ka taɓa komi."

"Ai na riga na taɓa! Kuma mutum uku sun taɓa bayana!"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na tallafo kansa na ba shi ruwa, sai na ji ba shi da nauyi ko kaɗan, kamar na ɗauki ɗan tsako. Na mayar da kansa bisa matashi a hankali. Kwana uku bayan haka aka yi jana'izarsa, kuma ban sake jin wata magana daga bakinsa ba. Amma ran nan, kafin in tashi, na riƙe hannunsa na gaya masa tawa, ido cikin ido.

Na ce, "Baba Sili, kai mugun tsoho ne, kuma ka cuce ni, ka sani. Amma shekara goma sha ɗaya ina ratsa duwatsun nan da iyalina a zuciya, ko sau ɗaya ba ka bari na kwana a daji ba. In tashi ne, Allah Ya tashe ka. In kuma tafiyar ce, Allah Ya sauƙaƙa maka hanya, Ya kai ka gida lafiya. Nawa dai na yafe."