Yadda Baffa Ya Binne Mini Inshora

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa na manta da su, amma abin da ya faru a shekarar da na gina gidana na Batsari, wannan kam har in koma ga Allah ba zai fita daga raina ba. Har yau in na wuce inda ake haƙa harsashin gini sai in ji ƙuguna ya amsa.

A lokacin ina malamin dabbobi, muna ƙarƙashin Kaduna, kuɗin mai sun fara zagaya ƙasa. Shekarar ce gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi, aka haɗa da ariyas, wato bashin ƙarin na watannin baya, aka zube mana a hannu lokaci guda. Abokan aikina wasu suka sayi babur, wasu rediyo mai kaset. Ni kuwa na ce gida zan gina, na bulo da siminti, rufin kwano. Ina da dalili, don an riga an gaya mini gidan gwamnatin da muke ciki ni da matata da yara uku za a ba wani sabon jami'i da zarar damina ta faɗi. Amma in faɗi gaskiya, har da son a sani. Kaina ya yi girma a shekarun nan. Ina sa gajeren wando da doguwar safa, ina ganin duk wanda bai yi boko ba sai dai a lallaɓa shi kawai.

Baffana, ƙanin mahaifina, shi ya riƙe ni a Runka ta ƙasar Safana tun ina ƙarami, bayan rasuwar mahaifina. Da ya ji zan yi gini sai ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki butarsa da sandarsa, ya hau motar kasuwa ya zo. Ya ce ba a barin gini babu babba a wurin. Ya samu gindin wata darbejiya a bakin filin ya kafa zama, tun safe har la'asar, magini ba ya ɗora bulo sai ya ji ta bakinsa.

Ana cikin haƙa harsashi sai ga wani mutum ya zo ofishinmu a kan ɗan ƙaramin babur, da jakar fata, ya shaƙe wuyansa da taye a cikin zafin nan. Ya ce shi wakilin wani kamfanin inshora ne daga Katsina. Ya yi mana bayani cewa in mutum zai yi gini sai ya biya wani abu kaɗan, in gobara ko iska ko ruwa suka yi wa ginin ɓarna tun ana cikin aikinsa, kamfani ne zai biya gyara. Abokan aikina suka yi ta ƙyaƙyata dariya. Ni kuwa dariyar tasu ce ma ta sa na sa hannu, don su san akwai bambanci tsakanina da su.

Bayan mako guda ya kawo mini takardar. A bakin ginin ya same ni, na riga na ɗaure akwatin allura a bayan babur, zan tafi rangadin rigakafin shanu a rugagen dajin Rugu har mako uku. Takarda ce mai kauri, an buga ta da tafireta cikin Turanci, ga jan hatimi a ƙasa da lamba kusa da shi. Ba zan shiga daji da ita ba, kuma ban son in koma gida. Sai na miƙa wa Baffa.

Ya juya ta gaba da baya, ya tambaye ni ta mece ce. To a nan na yi wautar. A wurinmu ba a tsayawa bakin sabon gini a ce in ya ƙone ko in ya rushe, sai a ce kana yi wa kanka mugun baki. Ga shi kuma ina sauri, ga ƙyuyar yi wa tsoho dogon bayani. Sai na ce masa, "Baffa, wannan ita za ta kare ginin daga wuta da iska da ruwa. A adana mini ita da kyau."

Ya gyara zama, ya ce, "Wane malami ya rubuta ta?"

Na yi dariya na ce manyan malaman Kaduna ne, na buga babur na tafi. Wallahi har na shiga daji ina jin daɗin wannan amsa tawa.

Da na dawo bango ya tashi har an kai taga. Bayan wata biyu kafinta ya ɗora katako, aka buga kwano sabo fil, yana ƙyalli tun daga hanyar Katsina ana hango shi. Sau ɗaya na tuna na tambayi Baffa takardar, ya ce in kwantar da hankalina, tana inda ko ɓarawo ba zai kai ba. Na ce a raina ashe tsohon nan ya san darajar takarda.

Saura ƙofofi da shafe, saura kwana goma mu bar gidan gwamnati, sai hadarin farko ya taso daga gabas wata rana bayan la'asar. Ruwan ma bai taka kara ya karya ba, iskar ce ta zo da rigima. Ina ofis na ji ƙara kamar ana yaga zane. Kafin in isa, rufin gidana ya tashi. Wani kwanon ya naɗe a kan tsamiya, wani muka tsinto shi a garkar wani bawan Allah ya kwantar masa da albasa. Ɗakin kusurwar gabas kaɗai ya tsira da rufinsa. Matata ta zo ta tsaya tana kallo, ta goya ƙaramin, hawaye na zuba, don ta san ko kwabo bai rage mana ba, duk ariyas ɗin yana kan tsamiya. Ni kuwa na daki ƙirji na ce ta share hawayenta, ai ranar da na yi wa tanadi ke nan.

Washegari na hau mota sai Katsina. Wakilin nan ba ya nan, wai ya tafi yawon ƙauyuka. Akawun da na tarar ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce in kawo takarda, ko aƙalla lambar da ke jikinta, in ba haka ba ko sunana ba zai rubuta ba. Na ce wannan ai mai sauƙi ne.

Na dawo na sami Baffa a gindin darbejiyarsa, ya yi tagumi. Bayan mun gaisa na ce a ba ni takardar nan. Ya miƙe ya ɗauki sanda ya ce in biyo shi. Ya je kusurwar yamma ya ƙwanƙwasa ƙasa. Ya zagaya ta kudu ya ƙwanƙwasa. Ya je ta arewa, ya je ta gabas. Sa'an nan ya juyo ya dube ni, kamar wanda ya gama amsa tambaya.

Sai da na zauna a kan bulo kafin na iya sauraron sauran. Ashe ina tafiya daji Baffa ya sa takardar a aljihu ya tafi Runka wurin malaminsa. Malamin ya duba, ya ce bai taɓa ganin irin wannan hatimi ba, amma da gani aikin manya ne. Ya ɗan jiƙa gefenta ko za ta wanku a yayyafa wa ginin, tawadar ta ƙi fita. Sai ya yanke hukuncin cewa wannan ba ta wankewa ba ce, ta binnewa ce. Tunda gida kusurwa huɗu gare shi, ba a tsare guda a bar uku, suka sa almakashi suka raba ta huɗu daidai. Baduku ya ɗinke kowane yanki cikin jar fata, aka sa a gwangwanin madara don gara, Baffa ya dawo ya binne su a ƙasan harsashi da hannunsa kafin a zuba kankare. Har bunsurunsa ya sayar don sallamar malam da baduku da sadakar da aka yi. Abin da ke damunsa, in ji shi, shi ne yadda iska ta fi ƙarfin aikin, yana zaton an yi kuskure wajen yankan.

Ni mutum ne mai saurin fushi, kuma ranar na nuna hali. Na kira magini na ce a kawo diga da shebur. Ya ce ranka ya daɗe, ba a tonon ƙarƙashin bango da damina a kai. Na ce gidansa ne ko nawa? Na tuɓe riga na shiga rami da kaina tare da leburori biyu.

Rabin yini muka yi kafin digar ta daki gwangwani na farko. Na sa reza na farke fatar, yanki ya fito lafiya lau, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba, aikin baduku kam ba laifi. Amma babu lamba, sai rabin sunan kamfani. Washegari muka tono na biyu, ga rabin sunana da wasu dogayen sharuɗɗa. Rana ta uku ta faɗo ranar kasuwar Batsari, kuma labari ya riga ya zagaya gari. Mutane suka fasa cin kasuwa suka zo kallo. Wasu suka ce tukunyar zinariya malamin dabbobi ya gano. Fulanin da nake yi wa shanunsu allura suka jingina da sandunansu suna tambayata ko rijiya nake haƙa wa gidan, kuma me ya sa har uku. Mai ƙosai ta kawo kaskonta ta kafa a gindin darbejiya. Muna ciro gwangwani na uku sai muka ji bango ya yi ƙas, tsaga ta taso tun daga ƙasa har taga.

Na jera yanki uku a kan tabarma na danne da duwatsu. Kowa na iya ganin abin da ya rage, wato wurin jan hatimi da lamba. Yana kusurwar gabas.

Muka nufi can da diga, sai muka tarar Baffa ya riga mu. Ya shimfiɗa tabarmarsa daidai kan wurin, ya zauna ya miƙe ƙafa, ya ɗora sanda a cinya. Ya ce nan kam ba mai taɓawa. Ya nuna sama da sanda ya ce mu duba da idonmu, duk gidan ina ne rufi bai tashi ba? Inda hatimin yake. Jama'a suka ɗaga kai suka duba, aka fara gyaɗa kai ana cewa lallai maganar tsoho da ƙamshin gaskiya.

Nan na ɓata. A gaban mutanen kasuwa, jikina duk laka, na ɗaga wa mutumin da ya rene ni murya. Na ce wannan ba laya ba ce, takardar kamfani ce, kuɗi za su biya, jahilci ya sa ya jefa iyalina a ruwa. Har mai ƙosai ta daina juya ƙosanta.

Baffa ya dube ni, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, na tambaye ka. Da ka ce mani wagga takarda ta kuɗi ce, da a cikin hulata zan ajiye ta. Kai ka yi boko, ni ban yi ba. Iyakar abin da na sani na tsare gida shi na yi maka."

Ya naɗe tabarmarsa, ya miƙo hannu ya ce in ba shi digar, tunda shi ya binne shi zai tono. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba. Na riƙe digar, ya riƙe, ga tsoho ga ni muna ja.

A haka ɗan ƙaramin babur ya tsaya a bayanmu. Wakilin inshorar ne, ya zo kasuwa neman sababbin mutane, ya ga taro ya biyo. Ya dubi rufi, ya dubi ramuka uku, ya dubi yankunan takardarsa a ƙarƙashin duwatsu. Da magini ya ba shi labari, mutumin nan ya yi dariya har sai da ya kwance tayen wuyansa ya zauna a kan bulo. Da ya samu numfashi sai ya buɗe jaka ya zaro littafinsa, ya nuna mini sunana da lambata. Ya ce ai kowace takarda suna da kwafinta, da na jira shi kwana uku ko cokali ba sai na sa a ƙasa ba.

Ya zagaya ginin yana rubutu. Ya ce rufi kam iska ce ta ɗauke, kamfani zai biya, kuma sun biya, ba su yi mini wasa ba. Sai na nuna masa tsagar bango da ramukan, na tambaye shi su fa. Ya ce, "Malam, wace iskar ce ta zo da diga?"

Babur ɗina na sayar na gyara bangon. Mun tare a ɗakin gabas, mu biyar a ɗaki ɗaya, har aka gama sauran. Rangadin wannan shekarar a kan keke na yi shi, ina shiga ruga ana tambayata ko ruwa ya fito a rijiyoyin. Kafin Baffa ya koma Runka na same shi shi kaɗai, na durƙusa na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe, amma da sharaɗin kada in taɓa kusurwar gabas. Ban taɓa ba.

Abin da na koya a wannan shekara bai da yawa, amma ya ishe ni. Duk iliminka, in wanda bai sani ba ya yi maka tambaya, ka kashe babur ka zauna ka ba shi amsa ta gaskiya. Maganar da ba ta fi minti biyar ba na ƙi yi, na biya ta da kwana uku a rami, da babur, da baƙar maganar da na gaya wa mutumin da ya sayar da bunsurunsa don ya tsare mini gida. Babur na sake saye bayan shekara biyu. Maganar nan kuwa, ko da yake ya yafe, har yau ban samu hanyar mayar da ita cikin bakina ba.