Layin da Na Rubuta wa Nuhu

Shekara bakwai ke nan da muka kai ƙanena Nuhu makwancinsa. Ni mai sayar da kayan gyaran mota ne a Suame, a ƙasar Ashanti, ban san komai a kwamfuta ba, kuma lokacin da yake raye na sha yi masa tsiya cewa ƙato da shi ya zauna yana danna allo kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Dariya kawai yake yi.

Aikin da ya ɗora wa kansa kuwa na maƙabartarmu ne. Kowa ya san kabarinmu ba ya daɗewa da alama, damina biyu ta isa ta shafe shi. Tsohon mai haƙa yana da littattafai da yake rubuta wanda aka binne da inda aka sa shi, Nuhu ya kwafe su kaf a kwamfuta, mutum ɗaya layi ɗaya. Sannan ya rubuta wata 'yar manhaja da yake kira laburare, wadda take karanta kowane layi ta ware shi: ga suna, ga uba, ga garin asali, ga wurin kabari. Wai daga nan layin ya tashi daga rubutu, ya zama mutum a wajen kwamfuta.

Wahalarsa sunayenmu ne. Manhajojin Turawa da waƙafi suke raba bayani, mu kuwa a Zongo sai ka ji "Amadu, ɗan Mai Goro, wanda Ashanti ke kira Kwaku". Sai su yanka shi mutum uku. Wani ya rubuta Ɗanladi, wani Danladi, alhali kabari ɗaya ne. Nuhu ya koya wa tasa duk wannan. Wurin kabari kuma ya taƙaita shi da haruffa da lambobi na kansa, manhajar ce ke mayar da su taswira. Na ga dattijon da ya taso daga Kano, Nuhu ya kai shi har kan kabarin mahaifinsa.

Da ya rasu, aka sa shi gefen mahaifiyarmu. Na buɗe fayil ɗin da yatsa ɗaya na rubuta sunansa, a gurbin wurin kabari na rubuta "kusa da Inna". A ganina na gama.

Bara na kai aikin Nuhu wajen Rabi, 'yar yayarmu da ke aikin kwamfuta a Accra. Ta yi kwana uku a kai.

"Kawu, ba ya tashi koraa, ko kaɗan," in ji ta. "Akwai wani ƙaramin fayil da yake nema, wanda ke fassara lambobin. Yana cikin laftof ɗinsa."

Wannan laftof ni da hannuna na bayar aka kwance shi, da ya ƙi kunnuwa. Da na sani ƙeya ce.

Ta gwada manhajojin yanzu, har da masu amsa tambaya kamar mutum. Ɗaya ta tsallake layukan da ba ta gane ba, ko uffan ba ta ce ba. Ɗaya ta zana mana taswira kyakkyawa, ta ajiye Inna a kan titi. Da Nuhu zai ga wannan, na san ba gudunsu zai burge shi ba, zai tambaya ne mutum nawa suka yar a hanya. Ba na jin akwai wanda zai sake zama ya yi irin haƙurinsa, mai haƙan ma ya rasu, gara ta ci littattafansa.

To, me ya rage na Nuhu? Sunaye suna nan cikakku, da laƙabinsu da garuruwansu, kuma ina fata Allah Ya ba shi ladan wannan. Amma layin Inna harafi biyu ne da lamba uku, na haddace su, ba su gaya mini komai. Abin yana cin raina, domin ni na ɓatar da su duka biyun.

Ranar sallar da ta wuce na je ziyara. Na tsaya inda nake zato, ƙasa ta baje, an yi sababbin kaburbura har bakin katanga. Na ɗaga hannu na kira sunan Inna da na Nuhu, na yi addu'a a kan wanda ke wurin, ko wane ne.