Tsohon da ya zauna a bakin rumbun iri

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar Baba Alu, wan mahaifina, mai gidanmu a Garhanga. Ni ɗan kasuwar hatsi ne, na ga tsada iri-iri, amma ban taɓa jin tsoro irin na shekarar da fara ta cinye gandunmu ba.

Baba Alu ya yaɓe bakin ƙaramin rumbu da laka. Gero ne a ciki, irin shukar baɗi. Sannan ya raba mana aiki. Mata su tsinko 'ya'yan anza a daji, su jiƙa har ɗacin ya fita. Ni in kai tabarmi kasuwar Tamaske a kan jaki, in musanyo dusa. Wana Idi ya kula da awaki. Shi kuwa tsoho ya shimfiɗa buzu a bakin rumbun.

Da bazara ta yi nisa, maƙwabta suka fara fasa nasu rumbunan. Hajo, ɗiyar Idi, ta rame har kuka ya gagare ta. Wani hantsi Idi ya fito da gatari. Na san idonsa ya rufe.

"Baba, tashi. Ɗiyata na mutuwa."

"Na gani, Idi. Jikata ce. In mun ci wanga, mi za mu zuba ƙasa ran da ruwa ya sauka?"

"To, mu zuba Hajo?"

Tsoho bai motsa ba. Ya ce, "Aje gatarin. Daga yau ƙwaryata tata ce."

Haka aka yi. Kullum rabonsa na anza da dusa Hajo ake kai wa. Ruwa ya sauka, muka shuka. Gidajen da suka cinye irinsu suka watse, wasu har yau ba labari. Baba Alu ya ga gero ya fid da kai, amma bai kai girbi ba.

Yanzu samari kan kawo mini hatsi tun da kaka, har da na iri, kowa da rumbunsa, ba mai ce wa wani bari. Ina saye, sana'ata ce. Amma in fara ta dawo, wa zai zauna a bakin rumbu, wa kuma zai ji maganarsa?

Hajo na nan da jikokinta. Kowace kaka ita ke zaɓen zangarniyar iri, ta ɗaure ta rataye can sama. Ba wanda ya isa ya taɓa.