Karsanata da Takardar Santambul

Matso kusa ka ji, don maganar nan ko yau na tuna ta sai na ji ƙirjina ya ɗau zafi. In dai ina numfashi, ba zan manta da ranar da aka shanye mini karsana a cikin ƙwarya ba.

Lokacin Nasara ba su iso ba, da kuɗin wuri ake ciniki, ni kuma ina shekara ta uku da aure a Boɗinga. Maigidana maɗinki ne, mai yi wa manyan riguna aiki. Mutum ne mai sanyi, ba faɗa, ba yawo. Ciwonsa ɗaya ne: takardun kuɗi na ƙasashen gabas. Mu ba mu taɓa ganin an sayi ko albasa da takarda ba, amma shi da ya ji wani ya dawo daga Makka, sai ya soke allura ya kama hanya. Bayan la'asar yakan fito da su daga gafaka, ya jera a kan buzu, ya kira ni.

"Dubi zanen ga. Ko zare bai kai shi siranta ba. Wane irin alƙalami ya yi wanga aiki?"

"Malam, ana sayen gero da ita?"

"Can ma an daina karɓarta. Shi ya sa ba a samunta."

Ka ji fa. Wai rashin amfaninta shi ne darajarta.

Ina da jar karsana da babana ya ba ni ranar aurena, tana hannun wani Bafulatani a bayan gari. Rannan matarsa ta kawo nono, tana aunawa ta ce, "Ashe kun rabu da ja? Shekaranjiya maigidanki ya kora ta Shagari." Ludayin da ke hannuna ya faɗi. Na shiga na iske Malam ya sunkuya kan wata sabuwar takarda, babba, ja da ruwan ƙasa, ko ɗagowa bai yi ba. Wai wani tsohon Alhaji ne a Shagari ya zo da ita, ta Sarkin Santambul ce, ga tambarinsa a sama an murɗe rubutun kamar igiya, ga ganyaye sun kewaye ta, kowane ganye da jijiyarsa. Gaskiya ta yi kyau. Amma ba ta da ƙaho, ba ta haihuwa.

Kwana uku ina magana. Ina daka ina magana, ina tankaɗe ina magana. Na ce dukiyata ce, ko alƙali ya san miji ba ya sayar da abin matarsa. Da ya ji sunan alƙali sai ya ce to, ranar Laraba mu je mu mayar da takarda mu karɓo karsana.

A nan ne na yi wautata. Ban yarda da shi ba, na san zai iya kallon zanen nan ya sake shawara. Sai na ɗauke takardar na kai ɗakin Inna, mahaifiyarsa, tsohuwa mai fama da ciwon gwiwa. Da na ce mata ajiya ce na rufe bakina, da shi ke nan. Amma ni da baki! Na zauna ina zuba: daga Makka ta fito, wani Alhaji ya riƙo ta shekara da shekaru, rubutun Larabci ne gaba da baya, saniya guda aka ba da a kanta. Inna tana ta gyaɗa kai, ta karɓa da hannu biyu, ta shafa a goshi.

Safiyar Laraba Malam ya ɗaura wa jaki akumari, na shiga karɓo ajiya. Na iske Inna zaune da ƙwarya a cinya, tana lasar leɓe.

"Inna, ina takardar?"

"Kai, ɗiyata, malaman Makka da ƙarfin tawada suke! Na jiƙa ta tun asuba, rubutun ya ƙi fita. Sai da na murtsuke ta da hannu."

Na leƙa ƙwaryar. Ɗan ruwa ne ja-ja a ƙasa, da wani guntu kamar farcen yatsa manne a gefe. Sauran ta shanye, har ta shafa wa gwiwa. A wurinta duk rubutun da ya fito daga Makka na sha ne, kamar yadda malam ke wanke allo ya ba mara lafiya. Wa zai ce ta yi ƙarya?

Malam ya shigo, ya duba, ya zauna daɓas a ƙasa. Ni ina kukan saniya, shi yana kukan ganye. "Inna, kuɗi ne fa kika sha!" Ta ce, "Kuɗi? Ni za ka yi wa wayo? Ina ka taɓa ganin kuɗi da bisimilla?" Babu ma bisimillar a jiki, amma je ka gaya mata.

Duk da haka na ce sai mun tafi. Na ƙulle guntun a bakin zane, muka yi tafiyar yini. Muna isa ƙofar Alhajin na hango karsanata a turke tana cin harawa. Ta ji muryata ta ɗago kai. Na durƙusa na gaishe shi, na kwance bakin zane, na faɗa masa komai. Tsohon nan ya yi dariya har rawaninsa ya kwance.

"Ɗiyata, gaskiyarki. Cinikin bai yi ba, tunda dabbarki ce. Ba ni takardata ki kwance abinki."

"Baba, ga abin da ya saura."

"Wanga ai ba ita na ba da ba. In mun je gaban alƙali, zai ce mijinki ya biya ƙimarta. To wa zai yi mata ƙima a ƙasar nan? Ni dai mutum ɗaya na sani da ya taɓa taya ta, kuma saniya ya taya."

Na juya na dubi mutum ɗayan. Yana can yana zane a ƙasa da tsinke, wai yana so ya tuna yadda ganyen ya lanƙwasa kafin ya ɓace masa. Wallahi da ba a gaban dattijo muke ba, ban san abin da zan faɗa ba.

Na dai ci gaba da magana har Alhaji ya gaji. Ya ce karsana ta zama tasa, amma haihuwar fari tawa ce. Ya cika alkawari, Allah Ya jiƙansa. Bayan damina biyu aka koro mini maraƙi, namiji, wanda ba zai ba ni ko cokalin nono ba. Ranar da ya iso ban bari ya kwana a Boɗinga ba, na kora shi garken babana da kaina.

Abin da na koya shi ne, mai son abu ba ya ganin tsadarsa, musamman in ba da nasa zai biya ba, don haka igiyar dabbarki ta zauna inda hannunsa bai kai ba. Na kuma koyi cewa in ka ba mutum ajiya, ka ba shi ita kawai, ban da tarihinta. Na biyun har yau ban iya ba.

Shekaru sun wuce, duk sun riga ni gidan gaskiya, amma har yanzu ban gama raba laifin ba. Kai da ka ji da kunnenka, tsakanin wanda ya saya, da wadda ta sha, da ni da na yi mata talla, wa ya cinye mini karsana?