Ba Za a Zuba Siminti a Sawun Kakata Ba

Duk wanda ya san unguwar Tandabawi ta Makka ya san Lurwanu direba, dogo, siriri, mai taurin kan tsiya. Bas ɗin 'yan makaranta ya tuƙa har ya yi ritaya. Maimakon ya samu kusurwa a masallaci ya zauna kamar sa'o'insa, sai bawan Allah ya je ya sayo takalmin hawan dutse. Matarsa Dalal ta dube shi ta ce, "Kai kuma tsufanka ta ƙafa ya ɓullo."

Labarin kakarsa ne ya hana shi sakat. Shi a Makka aka haife shi, haka ma ubansa, amma kakar da ƙafa ta zo. Daga ƙasar Katsina suka taso, suna tafe suna yada zango su yi ƙwadago a gonakin mutane, har suka ƙetare teku suka sauka a gaɓar kudu, suka kutsa cikin duwatsu. Takan ba shi labarin wani hawa da mutanen farko suka jera wa duwatsu kamar matakala, saboda raƙuma da masu tafiyar ƙasa. Ta ce a nan ta fara ganin manyan maza suna kuka don gajiya.

Wannan hawan Lurwanu ya tashi nema. Ya bi tsofaffin Tandabawi da na unguwar Utaibiyya gida gida, da goro a aljihu, yana tonon abin da iyayensu suka gaya musu. Ya bi makiyayan awaki cikin kwazazzabai, wasu su nuna masa hanya, wasu su yi masa kallon mai taɓin hankali. Gwiwa ta kumbura, motarsa ta sha wuya, bai fasa ba. Ran nan sai ga shi a gindin abin da yake nema, a bayan wani sabon titi da ya riga ya cinye rabin hanyar. Ɗan guntu ne ya rage. Duwatsun sun yi sumul, tsakiyarsu ta lotsa saboda tafin ƙafar mutane. Ya cire takalmi ya taka, shi ma ya yi kukansa.

Tun daga nan wurin ya zama gonarsa. Ya sare ƙaya, ya mayar da dutsen da ruwa ya ture mazauninsa, da hannu kawai, yadda magina na farko suka yi. Ya ɗauki hotuna ya kai wa masana tarihi, suka zo suka gani, suka ce za a duba yadda za a kare wurin. Sai murna ta ɗebe shi, ya kwashi dangi kaf ya kai su su gani. Kaico, da ya sani!

A cikinsu akwai Bandar, ɗan yayarsa marigayiya Khadijatu, ɗan kwangilar gine-gine, yaron kirki mai sakin hannu. Lurwanu ne ya riƙe shi bayan rasuwar ubansa, shi ya koya masa tuƙi. Bandar ya ga tsofaffi suna zamewa a kan duwatsun, nan take ya ce ya samo sadakar da zai yi wa mahaifiyarsa. Zai zuba siminti tun daga ƙasa har sama, ya kafa ƙarfen dafawa, ya ajiye sabil, wato firjin ruwan sanyi irin wanda mutanen Makka ke girkawa a bakin hanya don lada ya kai ga mamaci. Dangi suka ɗauka da "Masha Allah!" To a garin nan wa ya isa ya hana a yi wa mamaci sadaka?

Lurwanu ya isa. Ya ce a'a, suka ɗauka wasa yake.

Da sanyin safiyar wata Asabar Bandar ya iso da mota cike da buhunan siminti da leburori. A tsakiyar matakalar ya tarar da kawunsa zaune, ya miƙe ƙafa, flas ɗin shayi a gefe.

"Kawu, don Allah tashi, yalla, rana na yi," in ji Bandar da Hausarsa mai gauraye da Larabci.

"Ba inda za ni," in ji Lurwanu.

"Ladan Ummi za ka tare? 'Yar'uwarka ce fa!"

Maganar ta soke shi ƙwarai, don Khadijatu ce ta goya shi. Amma bai motsa ba. Ya ce, "Kai ruwanka bakin titi, ni zan fara sha in yi mata addu'a. Titi ya cika duniya, Bandar. Wannan kuwa ƙafar kakata ce ta lotsa shi, da ƙafafun waɗanda ba su kai Makka ba. In ka shafe, da me zan nuna wa jikokinka cewa ba daga sama muka faɗo ba? In siminti za ka zuba, bismilla, fara da ni."

Leburori suka yi cirko-cirko. Bandar ya yi jifa da shebur, ya ce, "Halas, shi ke nan. Daga yau ba ni da kawu." Ya ja mutanensa suka tafi.

Duwatsu sun tsira, zumunci ya ji jiki. Aka daina kiran Lurwanu cin abincin Juma'a na dangi. Sallah ta zo, Bandar ya zaga kowane gida da 'ya'yansa, ya tsallake na kawunsa. Abin ya ci Lurwanu, har ya rame. Dalal ta ce, "Kai ne babba, je ka ba shi haƙuri mana."

Ya kuwa tafi har unguwar Shisha inda Bandar yake, ya hau bene da gwiwar nan tasa, ya ƙwanƙwasa. Bandar ya buɗe, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Na zo ka yafe mini zafin bakina," in ji Lurwanu. "Ina kewarka, ina kewar yaran nan."

Idon Bandar ya kawo ruwa. Ya ce, "Ke nan ka yarda in yi aikin, Kawu?"

"Ko kusa," in ji tsohon. "Gobe ma ka zo da siminti, a can za ka same ni zaune."